Likita, nas ko mai haɗa magani: Lissafin shekaru, bashi da albashi kafin a zaɓi aikin lafiya a Najeriya

Duk shekara, idan hukumar JAMB ta buɗe rajista, karatun likitanci yana cikin waɗanda suka fi tara masu nema, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke samun gurbi. Sauran sukan karkata zuwa aikin jinya, haɗa magunguna, gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoto, gashin ƙashi, ko kwalejojin fasahar lafiya. A idon iyaye da yawa waɗannan fannoni tsani ne: likita a ƙololuwa, kowa kuma yana bin bayansa gwargwadon makin da ya ci. Lissafin kuɗi bai cika bin wannan tsanin ba. Abin da mutum zai samu daga karatun lafiya ya rataya ne a kan abubuwa uku da ba a rubuta su a takardar JAMB: shekaru nawa zai yi kafin albashin farko, wa ke bin sa bashin karatun, da kuma wa zai ɗauke shi aiki.

A Amurka, inda aka fi yin wannan muhawara, sabon likitan da ya ci bashi yakan fito da kimanin dala 200,000 a wuyansa, a rubuce, da kuɗin ruwa a kai. Namu bashin ya sha bamban. Gwamnati ce ke ɗauke mafi yawan nauyin horon a jami'o'inta. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce a 2025 horar da likita ɗaya na cin sama da dala 21,000, kuma ɗalibi ba ya biyan ko kusa da haka. Amma rashin takardar banki ba ya nufin rashin bashi. Akwai gonar da aka sayar, da adashen uwa, da yayan da ya jinkirta aurensa don ƙanwarsa ta kammala.

Shekarun da ake bayarwa

Digirin likita shekara shida ne. Bayansa akwai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti kafin Majalisar Likitoci, wato MDCN, ta ba da cikakken lasisi, sannan shekarar hidimar ƙasa. Wanda ya shiga jami'a yana ɗan shekara 18 zai kai 26 kafin ya tsaya da ƙafarsa a matsayin likita gama-gari, idan komai ya tafi daidai. Sau da yawa ba ya tafiya daidai. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 kuma ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ɗalibin da guguwar biyu ta rutsa da shi ya yi asarar kusan shekara ɗaya da rabi yana zaune a gida, kuɗin hayan ɗakinsa yana tafiya.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa wa sababbin ɗalibai ba. Jarrabawar ƙwararru ta farko, wadda ake yi kafin a shiga ɓangaren asibiti, tana tankaɗe mutane. Wanda ya kasa tsallakewa bayan damar da aka ba shi, sai a mayar da shi wani sashe, bayan ya riga ya kashe shekara uku da kuɗinsu.

Wanda ke son zama ƙwararre, ko a tiyata ko a yara ko a mata da haihuwa, zai ƙara shekara biyar zuwa shida, wani lokaci fiye, yana horo a asibitoci irin su na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri. Ana biyansa albashi a wannan lokaci, amma jarrabawar kwalejin ƙwararru ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma tana da matakai uku, kowanne da kuɗinsa, da kuɗin mota da masauki, kuma faɗuwa ba abin mamaki ba ce. Dokar horar da ƙwararrun likitoci ta 2018 ta tanadi asusun da zai ɗauki wannan nauyi. Jinkirin biyan kuɗin asusun yana cikin abubuwan da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ta fi maimaitawa a duk lokacin da za ta tafi yajin aiki, har da na 2021 da ya shafe wata biyu. Ƙwararren likita dai yakan fara cin cikakkiyar moriyar karatunsa ne bayan ya haura shekara talatin.

Digirin jinya shekara biyar ne, da shekarar sanin makamar aiki, da hidimar ƙasa. Haka digirin gwaje-gwajen asibiti da na ɗaukar hoto. Haɗa magunguna a da shekara biyar ne, yanzu jami'o'i suna komawa tsarin shekara shida. Ke nan tazarar da ke tsakanin waɗannan da likita gama-gari shekara ɗaya ce ko babu.

Gajeriyar hanya tana makarantun jinya da ungozoma da kwalejojin fasahar lafiya. Tsohon tsarin makarantar jinya shekara uku ne, kodayake ana mayar da makarantun kwalejoji masu difloma da babbar difloma, abin da ya kai zangon shekara huɗu. Jami'in lafiya na matakin farko, wanda ake kira CHEW, shekara uku yake yi, ƙaraminsa shekara biyu. Yarinyar da ta shiga tana 18 za ta iya riƙe lasisi tana 21, lokacin da ƙawarta mai karatun likita ba ta ma fara shiga ɗakin marasa lafiya sosai ba. Shekara biyar na albashi, ko da ƙarami ne, ba abin rainawa ba ne a gidan da ke jiran wanda zai kama hannun ƙanne.

Wa ke bin ka?

Tun daga 2023 jami'o'in tarayya suka ɗaga kuɗin rajista, kuma ɗaliban lafiya ne suka fi jin jiki. A Jami'ar Legas an sanar da naira 190,250 ga ɗaliban likitanci, daga abin da bai kai dubu ashirin ba, kafin zanga-zangar ɗalibai ta sa a ɗan rage. Jami'ar Bayero da ta Maiduguri su ma sun ƙara a wannan zango. A jami'o'i masu zaman kansu kuwa, kuɗin likitanci na shekara guda miliyoyi ne.

A cikin wannan yanayi ne asusun lamunin karatu na NELFUND ya zo. Dokar farko, ta Yunin 2023, ta gindaya sharuɗɗan da suka sa ta kasa aiki, ciki har da kawo masu tsaya wa mutum da ƙayyade kuɗin shigar iyali. An soke ta, shugaban ƙasa ya sa hannu a sabuwa a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu. Lamunin na ɗaliban makarantun gwamnati ne kaɗai. Ana tura kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ana ba ɗalibi naira 20,000 a wata na abinci da zirga-zirga idan ya nema. Babu kuɗin ruwa, abin da ya sauƙaƙa wa iyalai da yawa da ke ƙyamar riba. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Mu ɗauki misali don a ga girman abin. A ce ɗalibin likitanci yana biyan naira 200,000 a shekara, kuma ya karɓi kuɗin wata-wata ba fashi har shekara shida. Kuɗin makaranta ya zama miliyan 1.2, na wata-wata miliyan 1.44, jimla miliyan 2.64. Idan albashinsa 250,000 ne, za a riƙa cire 25,000, ya gama cikin kusan shekara tara, ko ƙasa da haka idan albashin ya ƙaru. Ɗalibar kwalejin lafiya mai shekara uku bashinta ba zai wuce rabin wannan ba, sai dai idan albashinta bai wuce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da nisa ba, kashi goman nata zai yi ta tafiyar hawainiya, kuma kowace naira da aka cire za ta fi yi mata ciwo.

A nan akwai wani abu da masu tsoron bashi ba su cika lura da shi ba. A ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, bashin da ba ya haihuwa narkewa yake yi da kansa. Nairar da za a biya bayan shekara goma ba za ta sayi abin da wadda aka karɓa yau ta saya ba. A lissafi tsantsa, wannan shi ne bashi mafi arha da ɗalibin Najeriya zai samu, muddin kuɗin sun iso a kan lokaci, kuma ƙorafin jinkiri da na makarantun da ba su sanar da ɗalibai an biya musu ba ya riga ya fito fili. Kishiyarsa shi ne rancen banki ko na manhajojin waya. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, bankuna kuma suna ɗora nasu a kai. Babu wani albashin fara aiki a fannin lafiya da zai iya tsere da irin wannan ruwan.

Nau'i na biyu shi ne yarjejeniyar jiha. Jihohin Arewa da dama suna ɗaukar nauyin ɗaliban lafiya, wasu ma suna sa su a alawus tun suna aji, bisa sharaɗin za su dawo su yi wa jiha aiki na wasu shekaru. Ga ɗan talaka wannan ƙofa ce ta gaske, kuma jihar da ta horar da mutum tana da haƙƙi a kansa. Amma bashi ne da ake biya da shekarun ƙuruciya, a kan albashin da mai bin bashin ne ke yanke shi. Kafin a sa hannu ya kamata a san shekara nawa ne, ko za a bar mutum ya tafi horon ƙwarewa a tsakani, nawa zai biya idan ya so fita, kuma me zai faru idan gwamnati ta sauya, wadda ta gaje ta ta daina biyan kuɗin makaranta. Wannan na ƙarshe ya sha faruwa da ɗaliban da aka tura ƙetare.

Karatun ƙetare da kuɗin gida shi ne mafi haɗari. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Uban da ke biyan dala 5,000 a shekara ya tashi daga naira miliyan 2.3 zuwa miliyan 7.5 ba tare da makarantar ta ƙara ko sisi ba. Ga kuma abin da ba a tsara ba: yaƙin Yukiren a Fabrairun 2022, da na Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, wanda ya koro ɗaliban Arewa masu yawa daga Khartum, wasunsu saura ƙiris su gama. MDCN ta ce ba za ta amince da karatun likitancin da aka yi ta intanet ba. Wanda ma ya gama lafiya, sai ya ci jarrabawar tantancewa ta majalisar kafin a ba shi lasisi, sannan ya shiga layi ɗaya, a kan albashi ɗaya, da wanda ya yi karatunsa a Zariya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Abin da ke dawowa

A asibitocin tarayya tsarin albashi biyu ne. Likitoci suna kan CONMESS, mai mataki bakwai, daga mai sanin makamar aiki zuwa babban ƙwararre. Sauran duka, nas da mai haɗa magani da mai gwaji da mai gashi, suna kan CONHESS. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce tushen takun-saƙar da aka daɗe ana yi tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da gamayyar JOHESU, musamman tun gyaran da aka yi wa albashin likitoci a 2014. Ko alawus na haɗarin aiki, wanda ya daɗe a naira 5,000 har annobar korona ta tona asirinsa, da aka gyara shi a ƙarshen 2021 sai aka ba likitoci tsakanin 32,000 da 40,000, sauran kuma tsakanin 15,000 da 34,000.

Saboda haka, a ƙarƙashin rufi ɗaya likita ne kan gaba, kuma tazarar tana ƙaruwa da shekaru. Sai dai ba kowa ke aiki a ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Tsarin tarayya bai wajaba a kan jihohi ba. Wasu suna biyan cikakkensa, wasu wani kaso, ƙananan hukumomi kuma, inda mafi yawan jami'an lafiya na matakin farko suke, su ne a baya. Ƙananan asibitocin kuɗi suna biyan abin da suka ga dama. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne nas da ta daɗe a asibitin koyarwa ta fi sabon likitan wata jiha ko na wani asibitin unguwa ɗaukar albashi. Ga wanda ke lissafi, sanin wa zai ɗauke shi aiki ya kusa kai muhimmancin sanin me zai karanta.

Samun aikin ma wani mataki ne. Tun 2021 MDCN ta karɓi ragamar tura sababbin likitoci sanin makamar aiki a asibitocin tarayya, abin da ya rage neman alfarma, kodayake bai kawar da jira ba. Masu haɗa magani da masu gwaji da masu digirin jinya har yanzu sukan yi watanni suna yawo da takardu kafin su sami gurbi, kuma ba za a yi hidimar ƙasa ba sai an gama. A matakin ƙasa matsalar ta fi tsanani: kwalejojin lafiya masu zaman kansu sun yawaita, suna yaye ɗaruruwa, jihohi kuma ba sa ɗauka. Sakamakon shi ne matasan da ke aikin sa-kai a asibitocin gwamnati shekara da shekaru, suna jiran ranar da za a buɗe ɗaukar aiki. Kafin a biya ko kwabo, a tabbatar hukumar da ke ba da lasisin fannin ta amince da makarantar, kuma ba ta zarce adadin ɗaliban da aka yanke mata ba. Takardar da ba ta kai mutum ga jarrabawar lasisi ado ce kawai.

A aikin jinya gajeriyar hanyar tana da rufi. Mai difloma tana fara aiki a matakin da ya gaza na mai digiri, kuma ba ta kai wa muƙaman darakta sai ta koma ta yi digirin. Da yawa suna yin hakan suna aiki, da albashinsu, kuma a ganina wannan ita ce hanya mafi ƙarancin haɗari ga wanda gidansu ba zai iya jiran shekara bakwai ba. Ƙarin horo na shekara ɗaya ko ɗaya da rabi a fannoni kamar sa barci, ɗakin tiyata, ido ko kula da masu tsananin jinya yana ɗaga darajar nas a kasuwa fiye da kuɗin da yake ci.

Mai haɗa magani yana da ƙofar da sauran ba su da ita da wuri: kasuwanci. Lasisinsa ne ke buɗe kantin magani mai rajista, kuma kamfanoni suna ɗaukarsa. Amma kanti jari yake so, ga gogayya da masu kyamis a kowane lungu, ga farashin magani da ke bin dala, musamman bayan kamfanin GSK ya sanar da janyewa daga Najeriya a Agustan 2023. Wannan ƙuncin ne ke tura wasu matasa su ba ɗan kasuwa hayar lasisinsu a rataye a bango su tafi. Doka ta hana, kuma idan aka kama jabun magani a kantin, sunan mai lasisin ne a rubuce.

Ƙofar fita

Babu mai yin wannan lissafi da gaskiya ya tsallake batun fita waje. Albashin naira 300,000 ya kai kusan dala 650 a farkon 2023, bayan shekara ɗaya ya koma kusan 200, kuma ƙarin kashi 25 da aka yi wa ma'aikatan lafiya na tarayya a 2023 bai cike wannan ramin ba. Ministan lafiya ya ce likitoci sama da 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar zuwa bakwai. Magatakardan Majalisar Jinya da Ungozoma na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce a 2024 nas-nas 42,000 sun fita cikin shekara uku.

A wannan kasuwar tsanin yakan juye. Hanyar nas zuwa Birtaniya, wato jarrabawar Turanci, da ta kwamfuta, da ta gwajin aiki, ta fi ta likita gajarta, kuma sau da yawa asibitin da ya ɗauke ta yana ɗaukar wani ɓangare na kuɗin. Likita zai bi PLAB zuwa Birtaniya, ko USMLE mai tsada da tsawo zuwa Amurka, duk da kuɗin waje. Saudiyya ta daɗe tana jan likitocin Arewa, saboda kusancin addini da sauƙin rayuwar iyali. Jami'in lafiya na matakin farko kuwa takardarsa ta gida ce, an ƙirƙire ta don tsarin lafiyar Najeriya, ba ta da takwara a yawancin waɗannan ƙasashe.

Sai dai ƙofar ba a hannun ɗalibi take ba. Najeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikata, kuma Birtaniya ta hana zuwa farautar ma'aikata daga irinsu, kodayake mutum yana iya nema da kansa. A Maris ɗin 2024 ta hana masu aikin kula da tsofaffi tafiya da iyalansu, a Yulin 2025 ta rufe ɗauko sababbinsu daga waje. A gida ma ana ƙoƙarin turo ƙyauren. Ƙudirin ɗan majalisa Ganiyu Johnson na Legas, wanda ya nemi likita ya yi aikin shekara biyar kafin a ba shi cikakken lasisi, ya tsallake karatu na biyu a Afrilun 2023, amma bai zama doka ba. A Fabrairun 2024 Majalisar Jinya ta ce sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardun fita, nas-nas suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas. Wanda ya shiga aji ɗaya a bana zai fito ne a ƙarƙashin dokokin da ba a rubuta ba tukuna.

Martanin gwamnati mafi girma shi ne ƙara gurabe: a 2024 ta ce ta ɗaga adadin ɗaliban da makarantun lafiya za su ɗauka daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Ga mai neman shiga, albishir ne. Ga mai lissafin abin da zai biyo baya, tambaya ce, domin malaman da za su koyar da su suna cikin masu fita, kuma guraben sanin makamar aiki da na ɗaukar aiki sun dogara ne da kasafin kuɗi. A Abuja aka yi alkawarin 2001 cewa ƙasashen Afirka za su ware wa lafiya kashi 15 na kasafinsu. Kason gwamnatin tarayya ya daɗe yana yawo a kusa da kashi biyar, kuma sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. Daga waɗannan aljihunan biyu, na gwamnati da na majinyaci, za a biya albashin ɗalibai 64,000 ɗin idan sun fito.